Sifirin Mota a Tarihin Sufurin Ƙasar Gaya

Masu nazarin tarihin ciniki a ƙasar Kano sun fi mayar da hankali ga jirgin ƙasa, wanda ya iso birni a 1911, da kuma cinikin gyaɗa da ya bunƙasa tun daga 1912. Amma fa layin dogo bai ratsa ƙasar Gaya ba. Manomin Gafasa ko na Ajingi, in ya girbe gyaɗarsa, jaki ne ke kai masa ita kasuwa. Daga baya manyan motoci suka karɓi wannan aiki, suna bin hanyar burji ta Gaya da Wudil zuwa Kano. Abin da ya ba mota ikon jure wannan hanya kuwa shi ne ƙarfen da ke ƙarƙashin bayanta, watau sifirin.

Asalinsa daga keken doki ne. A 1804 wani maƙerin kekunan doki a Landan, Obadiah Elliott, ya yi rajistar dabarar jera filla-fillan ƙarfe masu lanƙwasa, dogo a kan gajere, a ɗaure su da ƙusa a tsakiya. In ƙafa ta faɗa rami sai ƙarafan su miƙe, sa'an nan su koma yadda suke, jikin abin hawa ya tsira daga bugu. Wannan dabara ce motocin ɗaukar kaya suka gada. Da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, sai a-kori-kura ta zama jakin kasuwannin ƙauye, ita ma da irin wannan sifirin a baya.

Ciwon sifirin a wannan yanki uku ne. Na farko lodi. Direba yakan ɗora buhuna har sifirin ya kwanta, ya rasa lanƙwasarsa, ƙarshe uwar sifirin ta karye. Na biyu gargada, wadda ke girgiza ƙusar tsakiya har ta tsinke, ƙafafun baya su goce, a ga mota tana tafiya a karkace. Na uku ƙura da yashi, masu cinye robobin mahaɗa, su sa shakazoba ta zubar da manta, mota ta riƙa tsalle bayan kowane rami. Kanikawa sun samo magani, su ƙara filla ɗaya ko biyu. Sai dai wannan yana taurara bayan mota, bugun ya koma kan jikinta da kan fasinja, kuma yana ba direba ƙarfin halin ƙara lodi alhali birki bai ƙaru ba.

Shi kuwa keken Rali, wanda malamai da 'yan kasuwa suka yi yayi, ba shi da sifirin sai a ƙarƙashin sirdi. Kekunan hawan dutse, da suka samo asali a Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, an sa wa wasunsu sifirin a baya. Amma mai ɗora buhu a kariya ya fi son keke mai sandararren baya, don ba shi da mahaɗar da za ta sassauta.

Har ila yau akwai abin lura. Tarihin baka ya ce Abagayawa, maƙera daga Gaya, su ne suka zauna a gindin Dala don neman tama. Zuwan tarkacen mota na daga cikin abin da ya kashe narkar da tama, domin maƙera sun gane karyayyen sifirin ƙarfe ne mai kyau, suna ƙera adda da wuƙa da gatari da shi.

Darasin da ke nan ga ma'aikacin hukuma shi ne, kuɗin da aka ƙi kashewa wajen gyaran hanya ba ya ɓacewa. Direba ne ke biyansa wurin bakanike, shi kuma ya ɗora shi a kan kuɗin buhun manomi.