Injin CNC

Injin CNC inji ne na yanka ko sassaƙa wanda kwamfuta ke sarrafa motsinsa ta hanyar umarni na lambobi. Ana aiki da shi a kan katako, roba, alminiyam da ƙarfe. Ƙananan injinan da masu sha'awa da ƙananan masu sana'a ke ajiyewa a gida ko shago galibi iri biyu ne. Akwai rauta, wanda bakin yankansa ke juyawa yana yawo a kan katakon da aka ɗaure, da shi ake zanen ƙofofi da allunan talla. Akwai kuma lez, wanda shi kayan aikin ne ke juyawa, baki yana fiƙe shi, kamar yadda ake yin ƙafafun kujera ko sandunan ƙarfe.

Tarihi

Asalin fasahar daga Amurka ne. A ƙarshen shekarun 1940, John T. Parsons da Frank Stulen sun yi amfani da kati mai huji wajen lissafa siffar fukafukan jirgi mai saukar ungulu a jihar Michigan. Rundunar sojan saman Amurka ta ɗauki nauyin ci gaban aikin, a shekarar 1952 kuma jami'ar MIT ta nuna injin yankan ƙarfe mai bin umarnin lambobi. Shekaru da dama bayan haka manyan masana'antu kaɗai ke iya mallakar irinsa. Abin da ya kawo shi hannun talaka shi ne arahar kwamfuta da fitowar manhajoji masu sauƙin kuɗi ko na kyauta.

Manhajoji

Aiki yana bi ta matakai uku: a zana abin da ake so, a mayar da zanen zuwa hanyar da baki zai bi, sannan manhajar sarrafawa ta tura motoci. Ana yin zane da tsara hanya da manhajoji irin su Fusion 360, FreeCAD da VCarve. Abin da suke fitarwa shi ne G-code. A cikinsa G0 na nufin tafiya da sauri ba tare da yanka ba, G1 yanka a miƙe, G2 da G3 yanka a zagaye, M3 kunna bakin yanka, M5 kashe shi.

Manhajojin sarrafawa da suka fi yaɗuwa a ƙananan injina uku ne. LinuxCNC ta samo asali daga aikin EMC na hukumar NIST ta Amurka, kyauta ce, kuma tana iya tafiyar da lez har da yanka zaren sukuru. Mach3, wadda Art Fenerty ya rubuta, tana aiki a Windows, asali ta tsohuwar kafar firinta mai ƙusoshi 25. Grbl kuwa Simen Svale Skogsrud ne ya fara ta a 2009, daga baya Sonny Jeon ya ci gaba da ita. Tana zama a cikin ɗan allon Arduino Uno, ana aika mata umarni ta USB da manhaja kamar Candle ko Universal Gcode Sender.

Saita inji

Yawancin ƙananan injina suna tafiya da moto mai taku, wanda ba ya juyawa a sake sai dai taku-taku, galibi taku 200 a zagaye ɗaya. Kwamfuta tana ƙirga takun da ta aika, amma babu abin da ke dawo mata da labarin ko moton ya taka su duka. Ke nan injin bai san inda yake ba, lissafi kawai yake bi. Kusan duk aikin saiti, da mafi yawan matsalolin da ke biyo baya, suna komawa ga wannan.

Abu na farko shi ne gaya wa manhaja taku nawa ke yin milimita ɗaya. Idan moto mai taku 200 ne, allon tuƙinsa yana raba kowane taku gida 16, sandar sukuru kuma tana tafiyar milimita 8 a zagaye, lissafin ya zama 200 sau 16 a raba da 8, wato 400. A Grbl ana saka wannan a $100, $101 da $102, na layukan X, Y da Z. Bayan nan a umarci inji ya yi tafiyar milimita 100, a auna abin da ya yi da gaske, a gyara lambar. Wanda ya tsallake wannan awon zai samu ƙofa mai kyan zane wadda ba ta shiga gurbinta.

Sai iyakar gudu da saurin ɗaukar gudu, waɗanda a Grbl suke daga $110 zuwa $112 da kuma $120 zuwa $122. Masu aiki sukan riƙa ɗaga lambar har moto ya fara ƙugi ya tsaya, sannan su rage ta sosai. Daga nan a saita komawa gida: inji ya je ya taɓa makunnan iyaka don ya samu wurin da zai fara ƙirga. Wannan dabam yake da sifirin aiki, wanda ake sakawa a kusurwa ko tsakiyar katako a ajiye a G54.

Lez yana da layuka biyu kawai, X da Z, amma yana da tarkonsa. Lambar X na iya nufin faɗin sanda gaba ɗaya ko rabinsa, a LinuxCNC G7 da G8 ne ke bambanta su. Rikita su kan sa baki ya ci ninki biyu na abin da ake so. Yanka zaren sukuru kuma ba ya yiwuwa sai da na'urar da ke gaya wa manhaja juyin sandar inji.

Matsaloli da gyaransu

Matsalar da ta fi yawa ita ce ɓatar taku. Alamarta shi ne aiki ya fara daidai, can sai zane ya goce gefe ya ci gaba a gocen. Dalilan sun haɗa da yanka mai zurfi fiye da ƙarfin inji, baki dakusasshe, gudu mai yawa, datti a kan sanduna, ko allon tuƙi ya yi zafi ya yanke na ɗan lokaci. Sau da yawa kuma laifin ɗan ƙaramin sukuru ne da ya kwance a mahaɗar moto da sanda, moto na juyawa sanda na santsi. Ya kamata a duba shi kafin a taɓa manhaja, domin ɗigon fenti a kan mahaɗar ya isa ya tona shi.

Idan da'ira ta fito kamar ƙwai, ko dai lissafin taku na X da Y bai zo ɗaya ba, ko noti ya yi sako-sako a kan sanda, ta yadda in an juya baya sai an yi ɗan motsi kafin teburi ya amsa. Mach3 da LinuxCNC suna da wurin cike wannan giɓin, amma ɗaure notin ko sauya shi ya fi. Aiki ya fito ƙato ko ɗan mitsitsi sau 25.4 kuwa alama ce ta rikita inci da milimita, wato G20 da G21.

Akwai kuma hayaniyar lantarki. Moton da ke juya baki, musamman mai akwatin sarrafa gudu, yana watsa hayaniya da ke shiga wayoyin makunnan iyaka da na USB, sai inji ya tsaya da ƙararrawa ba tare da ya taɓa komai ba, ko kwamfuta ta rabu da shi. Maganin shi ne waya mai rufin kariya, raba wayoyin wuta da na saƙo, da haɗa jikin inji da wayar ƙasa ta gaske. Idan kwamfuta ba ta ga allon ba tun farko, a duba direban CH340 da yawancin allunan China ke buƙata, da saurin sadarwa na 115200.

Yanayin arewacin Najeriya

Wutar Najeriya da Nijar tana kan bolt 220 zuwa 230, don haka injin da aka saita don kasuwar Amurka mai 110 sai an juya makunninsa kafin a jona, in ba haka ba akwatin wutarsa ya ƙone. Ɗauke wuta a tsakiyar aiki yana share ƙirgar taku. Injin da ke da makunnan iyaka zai iya komawa gida ya samo sifirinsa, tunda Grbl tana ajiye G54 ko babu wuta, a ci gaba daga layin da aka tsaya. Wanda ba shi da su sau da yawa ya yi asarar katakon. Wutar ƙaramin janareta mai hawa da sauka ita ma tana wahalar da allunan, shi ya sa ake fifita inbata da batir ga kwamfuta da allon sarrafawa.

A ƙasar Sakkwato, har zuwa Amarawa da Illela a kan iyakar Nijar, zafin bazara kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, don haka akwatin lantarki yana buƙatar fanka. Ƙurar hunturu kuma in ta haɗu da garin katako da maiko sai ta zama taɓo a kan sanduna, a riƙa goge su kafin a sa sabon mai.