Daga Ayari Zuwa Ayari: Tarihin Tafiya Tsakanin Tsafe da Gusau da Bunguɗu



Wanda ya dubi taswirar Zamfara ya ga Gulbin Sakkwato ya taso daga wajajen Funtuwa, ya ratso ta Gusau, ya wuce ta Bunguɗu, zai zaci shi ne babbar hanyar mutanen ƙasar. Ba haka abin yake ba. Da rani gulbin yashi ne da 'yan gurabun ruwa, yaro ma ya ƙetare shi da ƙafa. Da damina kuwa yakan cika ya batse, sai matafiyi ya zauna bakin mashigi yana jiran 'yan fito. Watau gulbin bai ɗauki kowa zuwa ko'ina ba, amma shi ke yanke wa mutane lokacin tafiya. Shi ya sa fatauci ya zama sana'ar rani.

Ta ƙasa ake bi, da jaki da takarkari. 'Yandoto, kusa da Tsafe, tsohon gari ne na malamai, almajirai da fatake suna yada zango a cikinsa tun kafin jihadi. Daga can ne Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu, ya taso da jama'arsa, aka kafa Gusau a farkon ƙarni na 19. A wancan zamani mai hankali ba ya kama doguwar hanya shi kaɗai. Akan jira a taru, madugu ya ja gaba, a kwana inda akwai ganuwa ko dutse, irin na Kwatarkwashi. Barth, Bajamushen nan da ya nufi Sakkwato a 1853, ya ba da labarin yadda ake ratsa dajin Gundumi cikin sauri da fargaba, don tsoron mahara. Ayari ba al'ada ce kawai ba, garkuwa ce.

Abin da ya rushe wannan tsari shi ne dogo. Jirgin ƙasa ya iso Gusau daga Zariya a 1927, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Kada mu ruɗi kanmu, ba don jin ƙan matafiya Turawa suka shimfiɗa shi ba, auduga da gyaɗa suke so su kai bakin teku. (Lokacin da nake karatu a Ingila na sha ganin Tsafe a tsofaffin takardunsu an rubuta ta "Chafe", har sai da na ɗan tsaya kafin in gane garin.) Amma talaka ya ci moriyarsa. A karon farko mutum ɗaya, ba madugu ba rakiya, ya iya yankar tikiti ya kwana Zariya.

A lura da wani abu. Dogon bai je Sakkwato ba, arewa ya karkata. Saboda haka Gusau ta zama inda ake sauke kayan lardin, manyan motoci su kwashe su yamma ta Bunguɗu da Maru da Talatar Mafara. Arzikin Gusau, da Sabon Garinta da baƙinta daga kudu, daga wannan karkatar ya samo tushe. Har ta zama hedikwatar jiha a 1996, bayan kwalta ta riga ta ƙwace wa jirgi fasinjojinsa.

To, tun wajen 2011 da ɓarayin daji suka fara addabar Zamfara, tafiyar mutum shi kaɗai, wadda aka samu a 1927, ta soma kuɓuce mana. An sha tare hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta Tsafe, an kwashi matafiya. Ma'aikacin da aka tura ƙauye sai ya tambayi labarin hanya kafin ya tambayi kuɗin mota. Direbobi kan jira juna a tasha, su tashi a jere bayan rana ta ɗaga, su kuma yi ƙoƙari su shiga gari kafin magariba.