Littattafan gane tsirrai da tsuntsayen Sahara: wanne ya kamata a zaɓa?

Mutane da dama na ɗaukar hamadar Sahara a matsayin fili na rairayi kawai, to amma yankunan da ke kudancinta, kamar duwatsun Azbin da hamadar Tenere a arewacin Nijar, na ƙunshe da itatuwa da ciyayi da tsuntsaye iri-iri.

A shekarar 1988 ne gwamnatin Nijar ta keɓe gandun Azbin da Tenere, mai faɗin murabba'in kilomita kimanin dubu 77, kuma a 1991 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Ɗalibai da malaman gona da ma'aikatan gandun daji da ke aiki a irin waɗannan wurare na dogaro ne da littattafan jagora, waɗanda ke ɗauke da zane ko hoton kowace halitta, da siffofinta, da kuma inda ake samunta. Sai dai babu littafi guda da ya haɗa komai, don haka zaɓen yana bukatar lura.

Iyakar da littafi ya tsaya

Abu na farko da ake dubawa shi ne ƙasashen da littafin ya shafa, saboda mawallafa sukan raba Afirka gida biyu, iyakar kuwa a tsakiyar hamadar take faɗawa.

Ta fuskar tsuntsaye, littafin da aka fi amfani da shi a yammacin Afirka shi ne Birds of Western Africa na Nik Borrow da Ron Demey. Babban kundin ya fito ne a 2001, aka fitar da ƙarami na ɗauka a hannu a 2004, sannan aka sabunta shi a 2014. Ya ƙunshi nau'o'in tsuntsaye kimanin 1,300, tun daga Muritaniya har zuwa Chadi, ciki har da Nijar da Najeriya. Akwai fassararsa da Faransanci.

Littafin Ian Sinclair da Peter Ryan kuwa, mai suna Birds of Africa South of the Sahara, wanda ya fito a 2003, ya tattara nau'o'i fiye da dubu biyu. Yawan nasu ya sa bayanin kowane tsuntsu ya taƙaita, kuma mai neman na hamada zai sha buɗe shafukan tsuntsayen kurmi kafin ya kai ga abin da yake so.

Wanda zai tsallaka zuwa Aljeriya ko Libya zai bukaci Collins Bird Guide na Lars Svensson, wanda aka fara bugawa a 1999, ya kuma shafi Turai da arewacin Afirka. Yana da amfani ko a Nijar, domin miliyoyin tsuntsayen Turai kan ƙetare Sahara a kowace shekara, su yi hunturu a yankin Sahel, sannan su koma da bazara.

Zane ko hoto

Akasarin masu nazarin tsuntsaye sun fi son zane a kan hoto. Dalili shi ne mai zane na iya jera tsuntsaye masu kama da juna a shafi ɗaya, cikin tsayuwa iri ɗaya, ya nuna namiji da ta mace da ɗan tsako.

Wannan na da muhimmanci a hamada, inda ƙananan tsuntsaye da yawa ke da launin ƙasa, kuma abin da ya bambanta su bai wuce tsawon baki ko launin wutsiya ba. Hatta tuje ba iri ɗaya ba ne, akwai nau'o'insa da dama a Nijar.

A wajen tsirrai kuma hoto ya fi taimakawa. Littafin Michel Arbonnier kan itatuwan busassun yankunan yammacin Afirka, wanda ya fito da Faransanci a 2000, da Turanci kuma a 2004, na nuna hoton ɓawo da ƙaya da ganye da 'ya'yan itatuwa fiye da 300.

Amfanin hakan shi ne a mafi yawan watannin shekara ba a samun fure a hamada, wasu itatuwan ma kan kaɗe ganyensu. Littafin da ya dogara ga fure kaɗai ba zai yi wani tasiri da rani ba.

Ga ciyayi da ƙananan tsirrai na cikin hamadar sosai, ana komawa ne ga kundin Paul Ozenda na Faransanci, wanda aka fara bugawa a 1958 aka kuma yi ta faɗaɗa shi. Zane-zanensa baƙi da fari ne, kuma ya fi dacewa da wanda ya san kalmomin ilmin tsirrai.

Shekarar bugu da sunaye

Tsohon littafi na iya ɓatar da mai karatu ta hanya biyu. Ta farko ita ce taswira: jimina, wadda a da ake gani garke-garke a Azbin, ta kusan ƙarewa ƙaf daga dajin yankin a shekarun 1990 sakamakon farauta da tashin hankali.

Ta biyu ita ce sunayen kimiyya. Bayan taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Melbourne a 2011, an sauya wa itatuwan ƙaya na Afirka sunan Acacia. Bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, dakwara kuma Senegalia senegal. Gawo tun kafin nan ake kiransa Faidherbia albida.

Sunayen gida ma abin dubawa ne. Tun a 1916 J. M. Dalziel ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma ya fitar da kundi kan tsirrai masu amfani. Littafi mai sunayen Hausa ko na Buzanci ko Fulatanci na ba mai bincike damar tambayar makiyaya da masu maganin gargajiya. Sai dai suna ɗaya kan hau tsirrai biyu, haka nan tsiro ɗaya na iya samun suna daban a Agadas da Katsina.

Kuskure na da haɗari

Gane tsiro ba batun sha'awa ba ne kawai. 'Ya'yan anza, waɗanda jama'a suka ci a lokacin ƙarancin abinci na 2005 a Nijar, sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Ruwan tumfafiya kuma na iya yi wa ido mummunan lahani. Littafi nagari kan faɗi irin waɗannan bayanai, amma bai isa hujjar ci ko shan wani tsiro ba.

Manhajojin waya irin su Merlin da iNaturalist da Pl@ntNet na taimakawa, amma sun dogara ne ga hotuna da bayanan da mutane suka tura, waɗanda ba su da yawa daga Sahara. Ga kuma matsalar caji da ta intanet.

Saboda haka mai shiga kudancin Sahara zai fi samun biyan bukata idan ya riƙe littafi ɗaya na tsuntsayen yammacin Afirka, ɗaya na itatuwa mai hotuna, ya kuma nemi rakiyar ɗan yankin da ya san tsirran da sunayensu.