Broken Hill: Azurfa, Raƙuma da Masallacin Kwano

Garin Broken Hill yana can ƙuryar yammacin jihar New South Wales ta ƙasar Ostireliya, kimanin kilomita 1,100 daga Sidini. Nisan ya kai har agogon garin ba ya bin na jiharsa, na birnin Adelaide yake bi. Mun je ne da irin ɗakin nan mai tayoyi da ake ɗaura wa mota a baya, da gado da murhu a cikinsa. Mutanen ƙasar suna kiransa da kalmar da Turanci ke kiran ayari da ita, alhali ayarin gaske, na raƙuma, shi ya riƙe wannan daji kafin mota ta zo.

Ƙasar ta al'ummar Wilyakali ce tun fil azal. A 1883 wani ma'aikacin gonar tumaki, Charles Rasp, ya tsinci baƙin dutse a kan wani tudu, ya zaci kuza ce. Ashe azurfa ce da dalma da zinki, masu yawan da ba kasafai ake samun irinsu a duniya ba. Daga nan aka kafa kamfanin BHP a 1885. Tudun an cinye shi, sai tarin ɓaraguzai da ya raba garin biyu. A samansa aka yi ginin tunawa da mahaƙa sama da 800 da suka rasu a bakin aiki, kowane suna da abin da ya yi ajalinsa. Wanda ya karanta jerin nan ba zai yi mamakin yajin aikin wata 18 da aka yi daga 1919 zuwa 1920 ba, wanda ya kai ga rage aikin ƙarƙashin ƙasa zuwa awa 35 a mako.

Inda muka fi daɗewa shi ne wani ɗan gini na kwano a arewacin gari, wanda idan ba a faɗa maka ba sai ka ɗauka shagon ajiya ne. Masallaci ne, an gina shi wajen 1890 a zangon masu raƙuma. Turawa sun yi musu kuɗin goro da suna Afgan, ko da yake da yawansu daga Balucistan da Fanjab da Sindh suka fito. Su ke kai gari da shayi da wayar shinge gonakin da ke nesa da layin dogo, su dawo da gashin tumaki. Duk wanda ya san ayarin gishirin Bilma ya san irin wannan wahala. Amma ba a bar su sun zauna cikin gari ba, sai bayansa, kuma dokar shige da fice ta 1901 ta toshe wa 'yan uwansu hanyar shigowa. Da manyan motoci suka ƙwace sana'ar, aka saki raƙuman, jikokinsu na nan suna yawo a hamada har yau. Ƙungiyar tarihi ta garin ce ta ceto masallacin daga rushewa a shekarun 1960.

Akwai labarin da ba ya faɗuwa da daɗi. Ranar 1 ga Janairun 1915, wani mahauci kuma liman, Mulla Abdullahi, da wani mai sayar da askirim, Gul Muhammad, suka kafa tutar Daular Usmaniyya, suka buɗe wa jirgin ƙasan masu yawon shaƙatawa wuta. Mutum huɗu suka mutu a ranar, su ma aka harbe su. Kafin nan an gurfanar da Abdullahi a kotu kan yanka tumaki a wajen mayankar hukuma. Wannan ya nuna ƙuncin da yake ciki, amma bai wanke shi daga jinin waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Silverton jirgin ya nufa, kilomita 25 daga nan. Can aka fara samun azurfa, mutane suka kai wajen 3,000, sannan Broken Hill ta kwashe su, wasu har da gidajensu. Yanzu 'yan gomomi suka rage, sai tsohon kurkuku na 1889 da ya koma gidan tarihi, da jakuna da ke yawo a gaban otal ɗin garin.