Asalin Zargin da Ake wa Addinin Buda

A Doka, wadda ke kan hanyar Gadarif zuwa Gallabat, da sauran garuruwan gabashin Sudan inda Hausawa suka zauna, ɗalibin da ya karanta tauhidin Sanusi a gaban malami ya san cewa a wurin Ash'arawa shari'a ce ke tabbatar da kyawu da muni. Saboda haka idan ya ji an ce mabiya Buda, tun da ba su yarda da Mahalicci mai umarni da hani ba, ba su da tsayayyen halal ko haram, sai abin da kowa ya ga dama, ba zai yi jinkirin gaskatawa ba. Amma zargin nan yana da tarihi, kuma ba malamanmu suka fara shi ba.

Musulmi sun tarar da mutanen Buda a Sindi da Balku tun ƙarni na farko na Hijira, suka kira su Sumaniyya, suka yi munazara da su, har Imam Ahmad ya ruwaito cewa sun rikita Jahmu ɗan Safwan, wanda aka kashe a 746, ya yi kwana arba'in ba ya salla. Abin da aka kama su da shi shi ne aƙida, wato cewa ba a samun ilimi sai ta gani da ji da taɓawa, da kuma tanasuhin rayuka. Game da ɗabi'a kuwa, Ibnun Nadim a cikin Fihrist ya siffanta su da cewa sun fi kowa kyauta, shi kuma Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya lissafa zunubai goma da suke gudu, cikinsu har da kisa da zina da ƙarya da annamimanci.

Littattafansu ma sun gaskata shaidar nan, domin an hana kowane mabiyi abu biyar: kashe rai, sata, alfasha, ƙarya da maye, masu zuhudunsu na Siri Lanka da Tailan kuwa dokoki 227 ke kansu, akwai huɗu daga ciki da wanda ya karya ko ɗaya an kore shi ke nan har abada. Abin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne, a zamanin Buda kansa an yi wani malami, Purana Kassapa, mai cewa aiki ba ya jawo lada ko alhaki, kuma littattafan Buda sun lissafa ra'ayin nan cikin ɓata.

Zargin kuwa daga Turai ya taso. Bayan Burnuf na Faransa ya fitar da bincikensa kan addinin Buda a 1844, wasu masana suka fassara nirbana, wato ƙarshen burin mabiyin Buda, da rashi tsantsa, sa'an nan Nitshe na Jamus ya rubuta a 1888 cewa addinin ya wuce gaban alheri da sharri, yana nufin yabo. Da Suzuki ya yaɗa Zen, wani reshe na addinin Buda, a Amurka wajen 1950, matasan da suka gaji da coci suka ɗauki zancen cewa ba abin da ke da zatin kansa, suka bar dokokin a baya. Ba na cewa zargin ba shi da madafa ko kaɗan, gama littafin Brian Victoria na 1997 ya nuna yadda shaihunan Zen na Japan suka halatta yaƙin sarkinsu da irin wannan ta'awili, kuma jinin da aka zubar ba abin rainawa ba ne.

Tambayar da ta cancanci ɗalibin Doka ita ce, a kan me hukunci zai tsaya in babu Mai hukunci, mabiya Buda kuwa amsarsu ita ce sakamakon aiki da ke bin mai shi. Musulmi yana da hujjar ƙin wannan amsa, amma wanda ya ce ba su da haram ya yi musu ƙazafi.