Yadda Abdullahi Smith ya raba wa ɗalibansa aiki

Jama'a, duk malamin da ke kula da ɗaliban bincike ya waiwayi tarihin Zariya. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Farfesa Abdullahi Smith ne ya jagoranci Sashen Tarihi. Ɗalibansa ba sa cunkushewa wuri ɗaya, kowa da ƙasarsa. Murray Last, wanda Smith ya koyar tun a Ibadan, ya zauna Sakkwato yana nazarin takardun Larabci wajen Waziri Junaidu, littafinsa ya fito a 1967. Sa'ad Abubakar ya ɗauki Fombina, wato Adamawa. Yusufu Bala Usman ya ɗauki Katsina, ya bi garuruwa yana jin ta bakin dattawa. A 1970 Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna, inda ake adana irin waɗannan takardu.

Yau fa? Sai a turo ɗalibai biyar nan Nasarawan Doya da takardar tambayoyi, ɗaya ya zauna gindin bishiya ya cike duka, sauran su sa suna. Malam, ka ba kowane ɗalibi unguwarsa, ka tambaye shi da wa ya zanta. Dattawanmu da suka san tarihin noman rake a ƙasar Makarfi suna ta ƙarewa.