Yadda Littafi Ya Nemi Hanyar Ƙauye

Duk wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci ya san wata ƙishirwa wadda ba ya ji a da. Ya iya haɗa baƙi da wasali, ya iya rubuta sunansa, sai ya waiwaya ya rasa abin karantawa. Mutumin Achilafiya, ko na Roni, ko na Gwiwa, in yana son littafin Hausa, sau da yawa sai ya yi sallahu ga mai zuwa Kazaure ko Kano. Mu kuwa da muka ɗauki rubutu sana'a, muna can muna kukan rashin masu saye. To, ga mai nema, ga abin da ake nema, me ya hana su gamuwa? Wannan matsala ta girme mu duka, kuma tarihin ɗab'i a ƙasar Hausa kusan duk labarinta ne.

Tun kafin zuwan Turawa akwai littattafai a ƙasar nan, na Larabci da na ajami, amma da hannu ake juyarsu. Takardar ma daga Italiya take fitowa, ta biyo ta Tarabulus a kan raƙuma, ana gane ta da alamar jinjirin wata uku. Saboda haka littafi abu ne mai tsada ƙwarai. Amma fa yana tafiya. Almajiri ya juyi waƙa a wurin malaminsa, ya sa a gafaka, ya kai ta wani gari, can kuma wani ya juya. Ƙafar almajiri ita ce hanyar littafi a wancan zamani.

Da boko ya zo, sai Gwamnati ta kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda daga baya ta zauna a Zariya a hannun Dokta Rupert East. Da fari aikinta juya littattafai zuwa Hausa don makarantu, kamar Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Sa'an nan East ya ga fassara kaɗai ba za ta sa mutane su so karatu ba, sai a 1933 aka sa gasa tsakanin malamai, kowa ya ƙago labari daga kansa. A wannan lokaci ne aka sami Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Ku duba, marubuta ba su yi wuyar samuwa ba. Kira ɗaya aka yi, suka fito, har ɗayansu ya zama Firayim Ministan Nijeriya daga baya.

A 1936 aka ɗauko Imam daga aikin koyarwa a Katsina, ya zo Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. A watan Janairu na 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita, shi ne editanta, kuɗinta kuwa kwabo ɗaya. Jarida ta fi littafi saurin tafiya, domin ta bi hanyar da mulki ke bi: daga Zariya zuwa ofishin En'e, daga nan zuwa gidan hakimi, da makaranta, da barikin soja. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara mata kasuwa, don kowa yana son jin labarin Hitila da na 'yan'uwansa da aka kai Bama. Mai karatu ɗaya ya zauna a zaure ya karanta da ƙarfi, jama'a na saurare. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, da injunan ɗab'i nasa na kansa.

Babban yunƙuri shi ne wanda ya zo tare da yaƙi da jahilci. An buɗe azuzuwan manya ko'ina a Jihar Arewa, Malam Ahmadu Kumasi yana cikin manyan da suka riƙe aikin. Hukuma ta lura cewa wanda ya koyi karatu, in bai sami abin karantawa ba, kafin damina biyu ya manta. Don haka aka kafa hukumar NORLA, ta fara aiki a 1954. Ta buga ƙananan littattafai masu araha a kan noma, da kiwon lafiya, da sana'o'i, da tarihi, da addini, cikin boko da ajami, ta kuma buga waƙoƙin Malam Sa'adu Zungur da na Malam Mu'azu Haɗeja. Har wa yau aka yi wa larduna jaridu nasu: Sodangi ta Lardin Kano, wadda ita ce ta mutanen ƙasar Kazaure a lokacin, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya. Ba a taɓa yin lokacin da aka tuna da talaka mai sabon karatu kamar wannan ba.

Duk da haka NORLA ba ta wuce 1959 ba. Abin da ke shiga bai kai abin da ke fita ba, aka rufe ta, aikinta ya koma hannun Kamfanin Gaskiya. A ganina ciwon yana wajen sayarwa ne. Buga littafi aikin mako kaɗan ne ga mai inji, amma kai shi kasuwar ƙauye, da samun amintaccen mutum da zai tsare shi, ya sayar, ya kuma mayar da kuɗin Zariya, wannan aikin ɗan kasuwa ne, ma'aikacin Gwamnati kuwa albashinsa na zuwa ko an saya ko ba a saya ba.

A 1966 aka kafa kamfanin NNPC, haɗin gwiwa tsakanin Gaskiya da kamfanin Macmillan na Ingila. Shi ya sami mafita mai sauƙi, watau makaranta. Littafin da aka sa cikin manhajar jarrabawa dole ɗalibai su saya. Wannan ya raya tsofaffin littattafai, amma sabon marubuci sai ya yi ta jira, manomi mai karatu kuwa aka bar shi a baya. An yi gasa a 1978, wadda ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta.

Abin mamaki, maganin ya fito ne daga inda ba a zata ba. A 1980 Gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilmin manya a Jihar Kano, lokacin kuwa Kazaure da Ɓaɓura suna cikinta, don sai a 1991 aka yanke Jigawa. Masu karatu suka ƙaru, musamman mata. Ba a daɗe ba tattalin arziki ya tsananta, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja baya. Sai samari da matan aure a Kano suka ce ba za su jira kowa ba. Marubuci ya tara kuɗinsa, ya kai wa mai ƙaramin inji, ya ɗauko littattafan da kansa ya kai kasuwar Sabon Gari. Suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, Bilkisu Funtuwa ta fitar da nata, aka yi ta rububi.

Masana da yawa sun raina waɗannan littattafai, suka kira su adabin kasuwar Kano. Gaskiya ne akwai kurakuran rubutu a cikinsu, takardar ba ta da kyau, wasu labaran kuma ba su da nauyi. Amma su ne suka gano abin da ya gagari hukumomi. Sun raba labari gida biyu ko uku don kowane kashi ya yi araha. Sun bi hanyar da atamfa da turare ke bi, daga ɗan sari zuwa mai tebur, daga motar kasuwa zuwa ɗan koli. Wanda ba shi da kuɗin saye ya karɓi haya, ya karanta ya mayar. Gidajen rediyo suka riƙa karanta su. Littafi ɗaya ya zaga gida biyar kafin bangonsa ya yage.

Yanzu kuma wannan kasuwa ta ja baya, wayar hannu ta karɓe ta. Marubuta da yawa, galibinsu mata, suna sakin labari kashi-kashi ta WhatsApp, mai karatu ya tura kuɗi a sa shi cikin rukuni. Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai a 2016. Nisa ya daina zama shamaki, labarin da aka rubuta a Kano da safe ana iya karanta shi a Achilafiya kafin azahar. Sai dai wayar tana son caji, tana son kuɗin data, kuma da sauƙi wani ya kwashe aikin marubuci ya raba kyauta. Dattijon da ya gama ajinsa bana, wanda idonsa bai saba da ƙananan baƙaƙen waya ba, har yanzu littafin takarda yake tambaya, mai manyan haruffa, irin wanda NORLA ta yi ta bugawa daga 1954 zuwa 1959.